Iyakar Pakistan da Afganistan: Soja Ya Iso, Alƙali Bai Iso Ba

A watan Yulin 2024 dubban mutane suka cika titunan Bannu, a arewa maso yammacin Pakistan, riƙe da fararen tutoci. Kwanaki kaɗan kafin nan 'yan bindiga sun auka wa barikin sojan garin sun kashe sojoji takwas. Wanda ya ji labarin daga nesa zai ɗauka mutanen sun fito roƙon a ƙaro musu dakaru ne. Abin da suka fito faɗa daban: ba sa son 'yan bindiga, ba sa kuma son sabon farmakin da gwamnati ta sanar a watan Yuni mai suna Azm-e-Istehkam. An yi harbi a wurin taron, an rasa rai.

Wannan abu ya ɗaure wa mutane da yawa kai. Yaya waɗanda aka fi kashewa za su ƙi maganin da aka kawo musu? Masu sharhi a Islamabad wasu suka ce an zuga su ne, wasu suka ce dama can ƙabilun bakin iyaka ba sa son hukuma.

Ni ban yarda da ko ɗaya ba. Mutanen Bannu da Waziristan sun sha wannan magani sau da yawa tun 2004, sun san inda yake aiki da inda yake tsayawa. Ra'ayina shi ne, Pakistan ta ƙware wajen ƙwace ƙasa daga hannun 'yan bindiga, amma ba ta taɓa dagewa wajen mulkin ƙasar da ta ƙwace ba. Diyaucin da take kuka a kansa duk lokacin da wani ya keta mata iyaka, ita da kanta ta bar shi a yashe cikin gida, domin a yankin nan mutumin da aka cinye wa gona bai san ofishin da zai kai ƙara ya samu hukunci ba. Sai an juya tsarin: ɗan sanda da alƙali da ma'aikacin safiyo su shige gaba, soja ya tsaya musu a baya.

Yadda aka gina wurin

A 1893 Mortimer Durand da Sarkin Afganistan Abdur Rahman Khan suka shata layin da ya zama iyaka, mai tsawon sama da kilomita 2,600. Layin ya ratsa tsakiyar ƙabilun Pashtun, ya bar Wazir da Mohmand da Shinwari rabi nan rabi can. Babu gwamnatin Kabul da ta fito ta amince da shi a matsayin iyaka ta dindindin tun da aka kafa Pakistan a 1947, har da ta Taliban.

A ɓangarensu Turawan Ingila ba su nemi mulkin tsaunukan ba. Shinge suke so tsakaninsu da Afganistan da Rasha. Sai suka kafa dokar laifukan bakin iyaka da ake kira FCR, wadda ta samu kammalallen siffarta a 1901. Jami'i ɗaya, wakilin siyasa, shi ne gwamna, shi ne alƙali, shi ne ma'aji. Yana raba alawus ga dattawan da ake kira malik, su kuma su riƙe masa jama'a. Idan mutum ɗaya ya yi laifi, ana iya kama danginsa, a rufe shagunan ƙabilarsa, a rushe gidaje. Ana iya tsare mutum har shekara uku ba tare da an tabbatar masa da laifi ba. Babu lauya, babu ɗaukaka ƙara zuwa kotu.

Mai karatu zai iya tuno mulkin Lugard a arewacin Najeriya, kuma akwai alaƙa, don shi kansa Lugard ya yi yaƙin Afganistan yana ƙaramin hafsa. Amma bambancin yana da girma. A Kano da Zazzau Bature ya tarar da alƙalai da baitulmali da hakimai, ya hau kansu. A Waziristan babu sarki, babu kotun dindindin, babu rajistar haraji. Abin da aka kafa can hanyar hukunta ƙabila ce da hanyar sayen shirunta.

Pakistan ta gaji wannan ta riƙe shi shekara 71. Sashe na 247 na kundin tsarin mulkin 1973 ya ce dokokin majalisa ba sa aiki a yankin sai shugaban ƙasa ya ba da umarni, kuma kotun ƙoli ba ta da hurumi a can. Talaka bai samu kuri'a ba sai 1996. Jam'iyyun siyasa ba su samu izinin aiki ba sai 2011. Yankin ƙabilun gundumomi bakwai ne, Bajaur da Mohmand da Khyber da Orakzai da Kurram da Waziristan ta Arewa da ta Kudu, masu mutum kusan miliyan 5 a ƙidayar 2017. A shekarun 1980 kuma aka mayar da wurin sansanin yaƙar Tarayyar Sobiyet, da kuɗin Amurka da Saudiyya, ta hannun hukumar leƙen asirin Pakistan. Bindiga da kuɗi suka koma hannun kwamanda da malamin makaranta, malik ya fara zama ɗan kallo.

"Ai soja ne ya ceci ƙasar"

Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi ta masu saɓa wa ra'ayina, kuma akwai gaskiya a cikinta. A 2009 Taliban ta Pakistan, wato TTP, tana riƙe da kwarin Swat. A 2013 Miranshah da Mir Ali kasuwar bama-bamai ne a fili. Babu ɗan sandan da zai iya shiga waɗannan wurare. Farmakin Rah-e-Rast a Swat, da Rah-e-Nijat a Waziristan ta Kudu a Oktoban 2009, da Zarb-e-Azb da aka fara ranar 15 ga Yunin 2014, su suka karya wannan riƙo. Hare-hare sun ragu ƙwarai daga 2015 zuwa 2019. Sojoji da yawa sun mutu a kan haka, kuma ba daidai ba ne a raina jininsu.

To amma a duba yadda irin wannan farmaki yake gudana, mataki bayan mataki.

Da farko ana sanar da shi, ko kuma labarinsa ya bazu makonni kafin a fara. Manyan kwamandoji su kwashe iyalansu da makamansu su tsallaka Khost ko Paktika ko Kunar a Afganistan. Sai a sa dokar hana fita, jiragen sama su fara luguden wuta. Sai a sassauta dokar na 'yan kwanaki a ce kowa ya fita. A 2014 kusan mutum miliyan ɗaya aka yi wa rajista suna barin Waziristan ta Arewa, yawancinsu zuwa Bannu, cikin zafin bazara gab da azumi, kuɗin motar haya ya ninka, dabbobi suna mutuwa a hanya. Daga nan duk wanda aka gani a yankin abokin gaba ne, sojan ƙasa ya shiga ya share. Kasuwar Miranshah, dubban shaguna, ta zama kufai.

Sai dawowa, wadda ke ɗaukar shekaru. 'Yan ƙabilar Mahsud da aka fitar a 2009 da yawansu ba su koma ba sai bayan 2015. Mai dawowa yana buƙatar kati na musamman, Watan Card, kafin ya shiga garinsu. Diyyar gidan da ya rushe gaba ɗaya rupi 400,000 ce, wanda ya lalace rabi rupi 160,000, kuma sai kwamitin tantancewa ya zo ya gani. Gidan Waziristan ba ɗaki biyu ba ne, katafaren gida ne mai doguwar katanga da ke ɗauke da iyalan 'yan'uwa da yawa, kuɗin ba ya tayar da ko katangar. A gona akwai nakiyoyi da ba a tone ba. A hanya akwai shingen bincike bayan shingen bincike, inda ake sauke dattijo a gaban jikokinsa a ce ya ɗaga riga.

A wannan gaɓar ce ake asarar abin da aka ci da yaƙi. Sojan da ke kan tsauni daga Punjab yake ko wani lardin, sau da yawa ba ya jin Pashto, harshen mutanen wurin, bayan ɗan lokaci za a canza shi. Bai san wane ne ɗan wane ba. Idan bam ya tashi da motarsu, abin da ya iya shi ne ya kewaye ƙauyen da ya fi kusa ya kwashe maza. Dokar FCR ke nan ta dawo cikin kakin soja. Kowane irin wannan samame yana rufe bakin mutum goma da da za su kawo labari.

Ƙungiyar kare haƙƙin Pashtun, wato PTM, ta Manzoor Pashteen daga nan ta fito a 2018, bayan 'yan sanda sun kashe wani matashi ɗan Mahsud, Naqeebullah, a Karachi. Buƙatunta na farko ba su wuce a tone nakiyoyi, a kawo waɗanda suka ɓace a hannun hukuma gaban kotu, a daina wulaƙanci a shingaye ba. Duk buƙatu ne na mutanen da ke son dokar ƙasa ta yi aiki a kansu. An ɗaure shugabanninta, an haramta ta a Oktoban 2024. Gwamnatin da ta zauna teburi da masu ƙunar baƙin wake ta zaɓi ɗaure masu zanga-zangar lumana. Ina ganin wannan yana cikin manyan kurakuran shekarun nan.

"To a yi sulhu mana"

An yi, ba sau ɗaya ba, kuma tarihinsa a rubuce yake.

A Afrilun 2004, bayan sojoji sun sha wuya a Kalosha kusa da Wana, kwamandan rundunar Peshawar, Laftanar Janar Safdar Hussain, ya tafi Shakai ya rungumi Nek Muhammad, matashin kwamanda ɗan Wazir, a gaban kyamara. A al'adar wurin, wanda ya taka zuwa gidan abokin faɗansa shi ne mai neman afuwa. Nek Muhammad bai ɓata lokaci ba wajen faɗa wa duniya cewa su suka zo wurinsa. Dattawan da gwamnati ta dogara da su shekara ɗari suna zaune suna kallo an tsallake su. Bayan wata biyu jirgin Amurka maras matuƙi ya kashe shi, amma darasin ya riga ya shiga: mai bindiga ake girmamawa.

A Fabrairun 2005 aka yi na Sararogha da Baitullah Mehsud. A wannan zangon har kuɗi aka ba wasu kwamandoji, miliyoyin rupi, da sunan su biya bashin da Alƙa'ida ke bin su. A Satumban 2006 aka yi na Miranshah: a janye shingaye, a saki fursunoni, a mayar da makaman da aka ƙwace. A Disamban 2007 Baitullah ɗin nan ya haɗa ƙungiyoyi ya kafa TTP. A cikin waɗannan shekaru aka bi ɗaruruwan malik ɗaya bayan ɗaya aka kashe, ana barin takarda a kan gawa cewa ɗan leƙen asiri ne.

Dukkan yarjejeniyoyin ciwonsu iri ɗaya ne. Abin da gwamnati ke bayarwa ana ganinsa a ranar: fursuna, kuɗi, janye soja. Abin da ɗan bindiga ke bayarwa alkawari ne, ba mai auna shi, ba ranar cika shi, ba hukuncin saɓa shi. Ba a karɓi makami ba, ba a rubuta sunayen mayaƙa ba. Wanda ya bi labarin sulhun da aka yi da 'yan bindigar daji a Katsina da Zamfara a 2019 ba sai an yi masa dogon bayani ba.

An sake maimaitawa bayan Taliban ta karɓi Kabul a Agustan 2021. Tsagaita wuta na wata ɗaya a Nuwamba, sai tattaunawa a Kabul a 2022 da Sirajuddin Haqqani, ministan cikin gida na gwamnatin Taliban, a tsakiya, an saki fursunoni, mayaƙa suka fara bayyana da makamansu a tsaunukan Swat. Mutanen Swat ne da kansu suka fito dubbai suka ce ba su yarda ba. A ƙarshen Nuwamban 2022 TTP ta soke tsagaita wutar. Ranar 30 ga Janairun 2023 bam ya tashi a masallacin hedikwatar 'yan sanda a Peshawar, sama da mutum 80 suka mutu.

Ba ina cewa kada a taɓa magana da mai ɗauke da makami ba. Ƙofar tuba dole ta kasance a buɗe, amma ga mutum ɗaya-ɗaya: ya kawo bindigarsa, a rubuta sunansa da na mai tsaya masa, alƙali ya duba ko akwai jini a hannunsa, a san inda zai zauna da abin da zai ci. Abin da ba a sa shi a ciniki shi ne yanki, da dawowa cikin runduna, da ikon yanke hukunci a kan jama'a.

Haka nan dabarar ba ƙabila bindiga ta kare kanta. Lashkar, wato rundunar sa-kai, ta ƙabilar Salarzai a Bajaur ta yi ƙoƙari a 2008. Amma a Maris na shekarar ɗan ƙunar baƙin wake ya tashi taron dattawa a Darra Adam Khel, a Oktoba aka yi wa na Orakzai haka, gomman mutane suka mutu a kowanne. Gwamnati ta tura su gaba ba ta tsare musu baya ba. Inda kuma dabarar ta yi kamar ta ci, sai ta haifi wani dodon. Hafiz Gul Bahadur na Waziristan ta Arewa shekaru ana lissafa shi cikin "Taliban na kirki" saboda a Afganistan yake yaƙi. Yau mutanensa suna cikin masu kashe sojojin Pakistan, kuma su suka ɗauki alhakin harin barikin Bannu.

"Matsalar daga ƙetare take"

Rabinta daga can take. Rahoton masu sa ido na Majalisar Ɗinkin Duniya a 2024 ya ƙiyasta mayaƙan TTP a Afganistan tsakanin 6,000 da 6,500. Noor Wali Mehsud, wanda ya karɓi shugabanci a 2018, ya dawo da ɓangarorin da suka ɓalle tun daga 2020. Sun samu bindigogi da na'urorin gani da dare daga abin da Amurka ta bari. Ɗan sandan da ke gadin ƙaramin caji ofis a Lakki Marwat ana harbinsa cikin duhu daga inda shi ba ya gani.

Sai dai Pakistan ba za ta yi kamar abin ya faɗo mata daga sama ba. Shekara ashirin shugabannin Taliban ta Afganistan suna samun mafaka a Quetta da Miranshah, bisa lissafin cewa gwamnati aminiya a Kabul za ta tsare mata baya a gabarta da Indiya. Da Kabul ta faɗi, Firaminista Imran Khan ya yi maganar karya sarƙar bauta, shugaban leƙen asiri Faiz Hameed ya bayyana a otal a Kabul da kofin shayi a hannu. Taliban biyun kuwa mubaya'a ɗaya suke yi, sun yi yaƙi tare, sun yi auratayya.

Maganar diyauci ma haka aka yi mata fuska biyu. Amurka ta kai hare-hare sama da 400 da jirage marasa matuƙa a yankin daga 2004 zuwa 2018. A bainar jama'a ana Allah wadai, a ɓoye ana ba da filin jirgin Shamsi. Tsohon shugaban ƙasa Musharraf da bakinsa ya amsa a 2013 cewa ya amince da wasu. A Maris na 2011 irin wannan hari ya faɗa kan taron dattawa a Datta Khel da suka zauna sasanta rikicin ma'adinai, ya kashe kusan mutum 40. Babu kotun da iyalansu za su je a yankinsu. Yanzu kuma Pakistan ce ke jefa bama-bamai a Khost da Kunar da Paktika, tun 2022, da irin hujjar da ta ƙi karɓa daga Amurka. Waɗannan hare-hare ba su rufe sansani ko ɗaya na dindindin ba, sun dai ƙara wa Kabul dalilin taurin kai.

Shingen da aka fara a 2017, waya biyu masu tsayin kusan mita 4 da waya mai ƙaya a tsakani, sojoji sun ce an kammala fiye da kashi 90 cikin 100. Yana da amfani inda akwai mai gadinsa. Inda babu, almakashin ƙarfe ya ishe shi. Wanda shingen ya fi kamawa shi ne manomin da gonarsa ta faɗa can, da ɗan dakon da ke tsallakawa da safe ya dawo da yamma. Da aka wajabta fasfo da biza a mashigar Chaman a ƙarshen 2023, 'yan dako da ƙananan 'yan kasuwa suka yi zaman dirshan na watanni. Duk lokacin da aka rufe mashigar Torkham don a matsa wa Kabul, tumatir da inabi suna ruɓewa a cikin manyan motoci, direba da lebura su ke biya. Matashin da aka rufe wa wannan hanya, fasa-ƙwauri ya rage masa, kuma hanyar fasa-ƙwauri mai bindiga ne ke karɓar harajinta. Katin tsallake iyaka mai hoton yatsa ga ƙabilun da layin ya raba, da ƙofofi irin Ghulam Khan da Angoor Adda da Kharlachi a buɗe kullum, zai ba hukuma sanin mai shiga da mai fita fiye da rufewa.

"Su jirga suka sani, ba kotu ba"

A Mayun 2018 gyara na 25 ga tsarin mulki ya soke FCR ya haɗe yankin da lardin Khyber Pakhtunkhwa. Mataki ne mai kyau, amma aka yi shi a takarda aka bar aikin.

Kotunan farko na sabbin gundumomin a gundumomin maƙwabta aka zaunar da su: ta Waziristan ta Kudu a Tank, ta Arewa a Bannu, ta Orakzai a Hangu. Mutumin Wana mai ƙarar gona sai ya yi tafiyar yini, ya kwana, ya biya lauya, a ɗage zaman. Kwamandan TTP kuwa yana kiran masu rigimar biyu, ya yanke a zama ɗaya, kuma ba mai ƙin bi. Ko ɗan kasuwar da ya ga kira daga lambar Afganistan ana neman ya biya kaza, lissafi yake yi: idan ya kai rahoto, wa zai kwana a ƙofar gidansa? Sai ya biya. Wanda ake kai wa ƙara, ake kuma biyansa haraji, shi ne hukuma a wurin, ko tutar wa ke kan tsauni.

'Yan sandan ma haka. Aka ɗauki dakarun gargajiya na Levies da Khasadar, kusan 28,000, aka sa musu kaki. Khasadar gadon gida ne, ana rabon gurbinsa bisa kason ƙabila, a da ma da bindigarsa yake zuwa aiki. Mutum ne da ya san kowa a kwarinsu, wannan dukiya ce babba. Amma bai taɓa rubuta rahoton farko na laifi ba, bai san yadda ake killace wurin da bam ya tashi ba, bai san riƙon shaida daga fili zuwa kotu ba. Sakamakon sananne ne: a kama mutum, shari'a ta rushe, alƙali ya sake shi, soja ya ce kotu ba ta da amfani, sai a koma tsarewa a sansanoni ƙarƙashin dokar 2011 da ta ba dakaru wannan iko. Babbar kotun Peshawar ta ce tsarin ya saɓa wa kundin ƙasa a 2019, kotun ƙoli ta dakatar da hukuncin. A Satumban 2024 'yan sandan Lakki Marwat da kansu suka tare babbar hanya suna neman a bar musu aikin gundumarsu.

Amma abin da na fi ganin an yi wa riƙon sakainar kashi shi ne ƙasa. Yawancin yankin ba a taɓa yi masa safiyo ba. Ban da wasu sassan Kurram da kwarin Tochi, babu rajistar da ta ce wannan fili na wane ne. Dazuzzukan da ake samun 'ya'yan chilgoza masu tsada, da duwatsun marmara na Mohmand, da ma'adinan Waziristan, mallakar ƙabila ce a dunƙule, iyakarsu tana cikin kan tsofaffi, tsofaffin kuma an kashe da yawansu. Alƙali ba zai iya hukunci a kan abin da babu takardarsa ba. Banki ba ya ba da rance a kansa. Duk hanyar da gwamnati za ta shimfiɗa sai ta tayar da rigimar wa za a biya diyya.

Kurram ta nuna inda wannan ke kaiwa. Rigimar gona tsakanin ƙauyuka biyu, ɗaya Sunni ɗaya Shi'a, ta sha zama yaƙin gunduma. A Nuwamban 2024 aka buɗe wa ayarin motoci wuta aka kashe sama da mutum 40, hanyar Parachinar ta rufe makonni da yawa, magani ya yanke a asibiti. Ana kiransa rikicin aƙida, kuma aƙida tana ciki, amma ashanar kusan kullum fili ne ko ruwa.

A nan jirga, wato taron dattawa, take da aiki na gaske. Tawagar safiyo ta shiga kwari da hoton tauraron ɗan'adam, dattawan ɓangarorin biyu su taka iyaka da ƙafa, a kafa alama, a rubuta, a manna a masallaci da kasuwa na wani wa'adi don mai ƙorafi, sannan alƙali ya sa hannu ta zama takardar da kotu za ta tsaya a kai. A fara da filayen da aka san suna jawo jini. Kotun ƙolin Pakistan ta riga ta shata layin a Janairun 2019: jirga tana iya sasanci idan ɓangarori sun yarda, ba ta da ikon yanke hukuncin laifi. Wannan layi daidai ne. Jirgar da masu kewar zamanin baya ke so a farfaɗo, wadda jami'in gwamnati ke zaɓar mambobinta, mace ba ta zama a cikinta, kuma an sha ba da yarinya aure don biyan jinin da ɗan'uwanta ya zubar, ba ita ba ce mafita.

"Ina kuɗin?"

Kwamitin Sartaj Aziz da ya tsara haɗewar ya ba da shawarar a ware kashi 3 cikin 100 na kuɗin da tarayya ke rabawa da larduna, kusan rupi biliyan 100 a shekara har shekara goma. Sauran larduna ba su yarda a taɓa kasonsu ba, abin da ake sakewa bai kai alkawarin ba, gwamnatin Peshawar da ta Islamabad kuma sun shafe shekaru suna zargin juna. Ƙasar da ta iya kashe ɗaruruwan miliyoyin dala a kan shinge ba za ta ce ginin kotu a Wana da ɗakin binciken shaida a Bannu sun fi ƙarfinta ba. Zaɓi aka yi.

Soja zai ci gaba da zama dole na wani lokaci, musamman a kan iyaka da kuma inda mayaƙa suka taru da yawa. Sai dai aikinsa a cikin gari ya zama ƙaramin samame bisa bayanan sirri, da buƙatar hukumar farar hula, da wa'adi, wanda aka kama kuma a miƙa shi ga 'yan sanda cikin kwanakin da doka ta yanka. Rahoton nasara ya daina zama adadin gawarwaki. A faɗa mana ƙararraki nawa aka shigar a Miranshah bana, nawa aka yanke, ƙauyuka nawa suka samu rajistar fili, caji ofis nawa ne ke buɗe bayan magariba.

A tattaunawar Kabul ta 2022, buƙatar da TTP ta kafe a kai har zaman ya watse ita ce a soke haɗewar 2018, a mayar da yankin yadda yake a da. Ta nemi a rage sojoji, ta nemi a saki fursunoni, amma wannan ce ta ce ba ta ja da baya a kanta. Kotun da aka zaunar a Tank da ɗan sandan da bai gama koyon rubuta rahoto ba, duk da rauninsu, su ne ƙungiyar ta nemi a kawar mata.